Tambaya da Amsa: Wa Zai Fara Karɓar Fansho, Ni ko Uwargida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali? Ni mazaunin Houston ne a jihar Texas. Tun 1998 nake aiki a Amurka, yanzu ina tuƙa motar kai kaya, ina samun wajen dala 52,000 a shekara. An haife ni a 1963, uwargida kuma a 1965. Ita ta yi shekara 14 tana aikin kula da tsofaffi, gwiwa ta fara damunta, tana so ta ajiye aiki da zarar ta cika 62. Takardar hukumar Social Security, wato hukumar fanshon gwamnatin Amurka, ta nuna in na jira na kai 67 zan riƙa samun dala 2,400 a wata, ita kuma 900. Abokaina sun rabu biyu. Wasu sun ce in je in fara karɓa tunda na cika 62, wai ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma ma an ce asusun ya kusa ƙarewa. Wani kuma ya ce Hajiya ta fara da karɓar rabin nawa, ta bar nata yana ƙaruwa har ta kai 70. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ga amsar tun daga farko: Hajiya ta fara karɓar nata idan ta ajiye aiki, kai kuma ka jira iya ƙarfinka, in Allah ya sa ka kai 70 to madalla. Ba don na san za ka yi tsawon rai na faɗi haka ba. Kuɗin da ke rubuce da sunanka na mutum biyu ne, kuma wanda ya daɗe a cikinku shi zai rayu a kansa.

Bari mu fara sallamar abokinka na biyu. Dabarar da ya kawo ta taɓa aiki, mutane da yawa sun ci moriyarta, amma an rufe ƙofar. A watan Nuwamba 2015 Shugaba Obama ya sa hannu a wata dokar kasafin kuɗi, wadda ta ce duk wanda aka haifa daga 2 ga Janairu 1954 zuwa yau, ranar da ya nemi fanshonsa na kansa ko kason aure (wanda ake biyan mutum ta hanyar aikin mijinta ko matarsa), za a ɗauka ya nemi duka biyun, matuƙar ya cancance su. Ba zaɓen ɗaya a ajiye ɗaya. Waɗanda dokar ta ƙyale duk sun haura 70 yanzu. Tagwayen wannan dabara, inda miji ke shigar da takarda sannan ya ce a dakatar da biyansa don matar ta fara karɓa, ita ma ta mutu a ƙarshen Afrilu 2016: yanzu in miji ya dakatar da nasa, kason matarsa ma ya tsaya. Ga shi kuma Hajiya ba za ta iya taɓa komai daga naka ba sai kai ka fara karɓa. Wataƙila abokin naka wani yayansa ya gani ya yi, ya ɗauka har yanzu haka abin yake.

Yanzu ga lissafin. Ku biyun an haife ku bayan 1960, saboda haka shekarun cikakken fanshonku 67 ne. Dala 2,400 ɗin nan ita ce asalin kasonka, komai daga kanta ake auna shi. In ka karɓa kana 62 za a zaftare kashi 30 cikin 100, ka koma 1,680, kuma haka zai zauna har ƙarshen rayuwa. In ka wuce 67 ba ka karɓa ba, kowace shekara ana ƙara maka kashi 8 cikin 100 har ka kai 70, inda zai tsaya a 2,976. Bayan 70 ba ƙari, jira ya zama asara. Ban sa ƙarin tsadar rayuwa da ake yi duk watan Janairu a lissafin ba (na 2025 kashi 2.5 cikin 100 ne), domin yana hawa kan kasonka ko ka fara karɓa ko ba ka fara ba, da zarar ka cika 62.

Masu cewa ka karɓa yanzu ga abin da suke gani. Shekara takwas kana karɓar 1,680 a wata ya haura dala 161,000. Wanda ya jira 70 yana ɗara ka da 1,296 a wata, sai ya shafe shekara goma da 'yan watanni kafin ya rama abin da ya bari. Wato sai ya haura 80. Sai su ce, wa ya ba ka tabbacin 80? Gaskiyarsu, ba wanda ya san gawar fari. Amma ka lura, wannan lissafin gwauro ne. Na sha ganin magidanta sun zauna da takarda da biro suna yin sa, ba wanda ya tuna ya sa shekarun matarsa a ciki.

Ga abin da ke faruwa ranar da ɗayanku ya riga ɗaya. Hukuma ba ta ci gaba da biyan kaso biyu. Ƙaramin ya tafi, babban ya zauna wa wanda aka bari. In kai ka rigaye ta bayan ka jira har 70, Hajiya za ta bar nata ta koma kan 2,976 ɗinka cif, tunda lokacin ta wuce 67. In kuwa ka karɓa tun kana 62, abin da za ta gada ya ragu tare da naka. Doka ta yi mata ɗan sassauci, ta ce ba zai gaza kashi 82.5 cikin 100 na asalin kasonka ba, wato 1,980. Ka cire 1,980 daga 2,976: dala 996 ke nan duk wata, ga tsohuwar da mijinta ya rasu, wadda kuɗin haya da wuta da harajin gida ba su ragu ba don mai gidan ya tafi. Ka girme ta da shekara biyu, kuma a Amurka macen da ta kai 65 takan ɗara namiji tsawon rai da shekara biyu zuwa uku a matsakaici. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce ko ɗayanku zai kai shekarar da kai za ka cika 80, lokacin ita tana 78. Wannan kuwa ya fi kusa da tabbas nesa ba kusa ba.

Kason Hajiya kuma akasin haka ne, shi ya sa na ce ita ta fara. In ta karɓi nata tana 62, dala 900 ɗin za ta koma 630. Ragi ne na gaske, amma iyakarsa ranar da ɗayanku ya rasu. In kai ne, ta koma kan naka, kuma karɓar nata da wuri ba ya rage mata kason wanda aka bari ko sisi. In ita ce, nata ya tsaya dama. Ragin da ke kan ƙaramin kaso gajeren rai gare shi, ƙarin da ke kan babban kaso kuwa yana nan har mutuwa ta biyu.

Sai maganar rabin naka, inda mutane suka fi ruɗewa. Kason aure, wanda aka shigar cikin doka a 1939, shekara huɗu bayan Shugaba Roosevelt ya kafa shirin, iyakarsa rabin asalin kason mai aiki. A wajenku rabin 2,400, wato 1,200. Ba rabin 2,976 ba: jiran da za ka yi bayan 67 ba ya ƙara wa kason aure komai, kason wanda aka bari kawai yake ƙara wa. Kuma ba ɗora mata 1,200 za a yi a kan nata ba. Ana biyan ta nata, sannan a yi mata ciko. Cikon shi ne 1,200 a cire asalin nata 900, saura 300. To in ta fara da 630 a 2027, kai kuma ka shiga a 2033 lokacin tana 68, za a ɗora mata cikon 300 ba ragi, ta koma 930. Ba za ta taɓa kai 1,200 ba, domin zaftarewar 270 da aka yi wa nata tana nan. Wannan ku sani tun yanzu, kada ranar ta zo a ce hukuma ta yi cuta. Gidan a lokacin zai riƙa samun 3,906 a wata. In kuwa ku biyun kuka karɓa kuna 62, kai 1,680, ita 630 da cikon da shi ma aka zaftare ya koma 195, jimla 2,505.

In gwiwar ta yi sauƙi ta ga za ta iya ƙara shekara ɗaya ko biyu, babu laifi, kowane wata na jira yana rage zaftarewar. Amma ban ga dalilin da za ta takura kanta ba, kuma ko kusa kada ta wuce 67, tunda ciko ne zai cike gurbin ko ta jira ko ba ta jira ba.

Akwai kuma abin da abokanka na farko ba su gaya maka ba: kana aiki. Wanda ya fara karɓa kafin 67 alhali yana aiki, akwai iyakar abin da zai samu a shekara, a 2025 dala 23,400. Duk dala biyu da ta haura wannan, ana riƙe ɗaya daga fanshonsa. Kai da kake samun 52,000 ka haura da 28,600, za a riƙe 14,300 daga cikin 20,160 da ya kamata a biya ka a shekara. Abin da zai zo hannunka bai kai 6,000 ba. Kuɗin da aka riƙe ba ɓacewa yake ba, in ka kai 67 ana sake lissafi a ɗaga maka kason, amma dai ka ga ƙwan da ake maka kwaɗayinsa ɗan ƙanƙani ne.

Aikin ma yana da wata riba a wajenka ta musamman, ku da kuka zo ƙasar da girmanku. Ana lissafa kaso ne da shekara 35 da mutum ya fi samu. Wanda bai cika 35 ba, sifili ake rubuta masa a guraben. Daga 1998 zuwa yanzu kana da kimanin 27, saura takwas babu komai. Duk shekarar da ka ƙara tana goge sifili ɗaya. Kuma 2,400 da ka gani a takarda an ƙiyasta ta ne bisa zaton za ka ci gaba da aiki a kan albashinka na yanzu. In ka sauka daga mota bana, lambar za ta ɗan yi ƙasa. Ka shiga shafinka na hukumar a intanet ka bi shekarun ɗaya bayan ɗaya. In akwai shekarar da ka yi aiki ba a rubuta ba, tun yanzu ake gyara ta da takardun albashi da na haraji.

Batun ƙarewar asusu. Rahoton amintattun asusun na 2025 ya ce ajiyar fanshon tsofaffi za ta ƙare a 2033, shekarar da za ka cika 70, kuma in majalisa ba ta yi komai ba, harajin da ke shigowa daga albashin ma'aikata zai iya biyan kashi 77 cikin 100. Ragi ke nan, ba rufewa ba, kuma zai shafi wanda ya riga ya fara karɓa kamar yadda zai shafi mai jira. Ko da ragin ya tabbata gaba ɗaya, shekarun ramuwar da muka lissafa za su matsa ne daga 80 zuwa wajen 83 ko 84, Hajiya tana 81 ko 82. An taɓa zuwa bakin irin wannan rami a 1983 zamanin Reagan, majalisa ta yi gyara, gyaran ne ma ya mai da shekarun cikakken fansho daga 65 zuwa 67. Ni dai ba zan yanke wa matata dala dubu a wata don tsoron abin da 'yan majalisa za su yi ko ba za su yi ba.

Shawarar tana da iyaka. In jiki ya ƙi, ka bar aiki, ba ajiyar da za ku ci, to ka karɓa, ba a cin bashin katin banki don a jira 70. Abin ba wai 62 ko 70 kaɗai ba ne, 66 ya fi 64, 68 ya fi 67. Amma ka lura, rashin lafiyarka kai kaɗai ba hujjar gaggawa ba ce matuƙar Hajiya na da lafiya kuma akwai abin ci. Ko mutum ya rasu yana 69 bai karɓi ko dala ba, ƙarin da ya tara yana bin matarsa.

Abu biyu kafin in bar ka. Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnati, ba ruwansa da wannan jira, a 65 ake rajistarsa, sai dai in inshorar wurin aikinka ta rufe ka. Wanda ya yi sakaci da sashen B, wato na ganin likita, ana ɗora masa tarar kashi 10 cikin 100 a kan kowace shekarar jinkiri, har abada. Hajiya kuma in ta bar aiki a 62, ku san inshorar da za ta riƙe ta shekara uku kafin 65. Sannan ku nemo takardar aurenku ta asali ku adana, hukumar ba ta karɓar kwafin inji.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ban taɓa aikin albashi a Amurka ba, rainon yara na yi. An haifi maigida a 1960, ni 1961. Kasonsa a 67 dala 2,000 ne, ya ce sai ya kai 70. Ni ma in jira 70 ɗin ne don nawa ya ƙaru? Kuma ina da katin zama na dindindin amma ban zama 'yar ƙasa ba. Daga wata baiwar Allah a Bronx, New York.

Amsa: Hajiya, naki ba ya ƙaruwa bayan 67. Dala 1,000 ce, rabin nasa, ko kin kai 67 ko 70 ko 75. In kin karɓa kafin 67 ne take raguwa, a 62 har ta sauka zuwa kashi 32.5 cikin 100 na kasonsa. Ba a neman ki da makin aiki 40 (kimanin shekara goma na aiki) da ake nema wajen mai aiki, auren da ya kai shekara ɗaya ya wadatar.

Sai dai gidanku ya bambanta da na Alhajin Houston, kuma ina so maigida ya ji wannan. Can uwargida tana da nata da za ta fara da shi. Ke ba ki da komai sai ya shigar da takarda. Za ki cika 67 a 2028, shi zai cika 70 a 2030. Shekara biyun nan dubu ɗayanki ta wata tana kulle, dala 24,000 ke nan da ba za a biya ki daga baya ba. In aka haɗa da 72,000 da shi zai bari tsakanin 67 da 70, kun sadaukar da 96,000 don ƙarin 480 a wata. Ramuwa sai bayan shekara 16 da wata takwas, yana dab da 87 kina dab da 86. Jiran bai zama wauta ba, domin 2,480 ɗin ke za ki gada in ya rigaye ki, kuma ke ba ki da wani abin dogaro bayansa. Amma ribar ta yi siriri. In ni ne, zan duba tsaka-tsaki: ya shiga a watan da kika cika 67, yana 68, ya sami wajen 2,160, ke ki sami 1,000 cif. In kuwa yana aiki yana samu, gida ba ya buƙata, kuma danginku masu tsawon rai ne, ki bar shi ya kai 70 ɗinsa.

Katin zama ba ya hana ki komai muddin kina cikin ƙasar. Matsalar tana tasowa ne in kun yi niyyar barin Amurka. Wanda ba ɗan ƙasa ba, in ya yi wata shida cur a jere a waje, ana tsayar da biyansa sai in ya faɗa cikin waɗanda doka ta keɓe, kuma matar da ke karɓa ta hanyar miji ana neman ta nuna ta zauna a Amurka shekara biyar tana matarsa. Ɗan ƙasa kuwa ana biyansa kusan ko'ina yake. In kin cancanci zama 'yar ƙasa, ki nema tun kafin maganar tafiya ta taso. Sashen A na Medicare, wato na kwanciya asibiti, za ki samu kyauta a 65 ta hanyar aikinsa, ko bai fara karɓar fansho ba.

Tambaya: Malam, mijina ya rasu shekara uku da suka wuce bai fara karɓa ba. Ina da shekara 59 da wata biyar, ina aikin rabin rana a wani asibiti. An ce kasonsa 1,800 ne, nawa kuma 1,700 a 67. Ga shi wani ya fito neman aurena. Daga Minneapolis.

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. 'Yar'uwa, ke ce kaɗai cikin masu tambayar yau da doka ta bar wa zaɓi. Dokar 2015 ba ta shafi kason wanda aka bari ba. Kina iya karɓar nasa tun kina 60, a kan kashi 71.5 cikin 100, wato 1,287, ki bar naki yana hawa har 70, inda zai kai 2,108, sannan ki sauya. Wannan ya fi miki ki fara da naki sannan ki koma nasa, tunda nasa ko kin jira iyakarsa 1,800. Iyakar samun nan (dala 23,400 a 2025) ta shafe ki ke ma kafin shekarar da za ki cika 67, ki duba albashinki da ita.

Maganar aure kuma, ba ni zan ce ki ɗaga alheri don kuɗi ba, amma ki san dokar kafin a sa rana. In aka ɗaura kafin ki cika 60, ba ki da kason marigayi muddin sabon auren yana nan. In aka ɗaura bayan kin cika 60, ko da kwana ɗaya ne, kason yana nan daram. Wata bakwai ya rage miki. Ki gaya wa manemin da waliyyanki gaskiyar lamarin, su san da ita wajen tsai da lokaci.

Wannan kason ba a cike takardarsa a intanet, sai ta waya ko a ofishin hukumar. Ki tafi da takardar aure da ta rasuwa, kuma ki faɗa wa ma'aikacin ƙarara cewa kason marigayi kaɗai kike nema, ba ki son a haɗa da naki. Ki karanta takardar kafin ki sa hannu, ki tabbatar an rubuta hakan a ciki.